AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wa Ya Cika Rumbun Kwamfutarmu?

 Wannan fili ne da muke buga amsoshin da aka bayar ta rediyo, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta a tsanake, ko kuwa a karanta masa. A wannan mako wasiƙu biyu muka ɗauko, ɗaya a kan kwamfuta ɗaya a kan wayar hannu, amma in an duba ciwonsu ɗaya ne.

TAMBAYA TA FARKO

Wani mai sauraronmu daga ƙasar Haɗeja, sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa, ya rubuto ya ce suna da kwamfuta guda ɗaya a ofishinsu, mutum huɗu ke aiki da ita: shi, da ma'aji, da mai kula da sito, da wani saurayi mai buga wa jama'a takardu. To, kwanan baya sai ta fara cewa wurin ajiya ya cika, har ta ƙi karɓar lissafin bashin taki da ya shigar. Da aka leƙa, sai aka ga shi ne ya fi kowa yawan takardu a ciki, saboda haka shugaba ya ce ya goge rabinsu. Shi kuwa yana jin tsoro, don a cikinsu ne sunayen waɗanda suka ci bashi suke, ga kaka ta gabato. Ya ce, shin akwai hanyar da za a gane wanda ya cinye wurin, ba tare da an zalunci kowa ba?

AMSA

To, Malam sakatare, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce akwai, kuma ba ta da wuya. Amma kafin komai, don Allah kada ka goge ko takarda ɗaya tukuna. Kwamfuta ba ta ƙirga kaya da yawansu, da girmansu take ƙirgawa, kuma mai yiwuwa ne takardun nan naka duka ba su kai fim ɗaya cin wuri ba.

Ka ɗauki wurin ajiyar kwamfuta, wanda ake kira faifai ko hadis, tamkar rumbun gandu. Kowa na zuba nasa, rumbun kuwa ba ya ƙara faɗi. Kowane abu da aka ajiye, takarda ce ko hoto ko murya ko fim, ana ce masa fayil, kuma ana tara su cikin jakunkuna da ake kira folda. Kamar yadda hatsi ke da mudu da tiya da buhu, haka wannan rumbu yake da nasa ma'auni. Mafi ƙanƙanta da za mu ambata shi ne bayit, watau gurbin harafi ɗaya, kamar a ko b. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, a tsarin rubutun da aka fi amfani da shi yanzu, kowannensu bayit 2 yake ci. Bayit 1,000 shi ne kilobayit. Kilobayit 1,000 shi ne megabayit, wanda yara ke ce wa mega. Mega 1,000 kuwa shi ne giga, wannan dai gigar da kuke ji ana faɗa wajen sayen data.

Yanzu mu yi lissafi, kai da kake ma'abucin lissafi. A ƙaddara kana da takardu 3,000, kowace tana cin kilobayit 50, wanda ya ishi wasiƙa mai shafi biyu ko uku in babu hoto. Duka-duka mega 150 ke nan. A ƙaddara kuma wani ya ajiye finafinai 40 kacal, kowane giga ɗaya. Giga 40 ke nan, watau mega 40,000. Ka ga mai abu 40 ya ninka mai abu 3,000 fiye da sau 260. In da za ka goge rabin takardunka kamar yadda aka umurce ka, mega 75 za a samu, wanda ko mako guda ba zai yi ba ya sake cika, bashin taki kuwa ya bi ruwa. Ka ga wanda ya zuba allura dubu a rumbu ba shi ya hana buhu shiga ba.

Ba muna cewa saurayin nan ko wani ne ya cika ta ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Abin da muke cewa shi ne a auna. Ga yadda ake yi, mataki-mataki.

MATAKI NA ƊAYA: A DUBA RUMBUN GABA ƊAYA

Muna ɗauka kwamfutarku da tsarin Windows take aiki, kamar akasarin na ofisoshinmu. A buɗe wurin da aka rubuta This PC, za a ga faifan da ake kira C, da wani dogon layi mai nuna abin da aka ci da abin da ya saura. In layin ya yi ja, to wuri ya kusa ƙarewa. Rubuta lambobin nan biyu a takarda.

A nan akwai abin da ke jawo rigima a banza. Za ka ga an sayar maka da faifai an ce giga 500 ne, amma kwamfuta ta nuna 465. Ba wanda ya sace sauran. Masu ƙera faifai da 1,000 suke ƙirgawa, Windows kuwa da 1,024 take ƙirgawa, kamar dai a auna hatsi ɗaya da mudu biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya zurfi. Haka katin memori mai giga 32 zai nuna wajen 29 da 'yan kai. Sa'an nan ita kanta Windows da manhajojin da aka sa mata suna da nasu kaso mai tsoka. Kamfanin Microsoft ma ya shar'anta cewa sai faifai ya kai giga 64 kafin a ɗora masa Windows 11. Wannan kason ba na kowa ba ne a cikinku, na gida ne, kuma ba a taɓa shi.

MATAKI NA BIYU: A AUNA JAKAR KOWA

Idan kowane ɗayanku yana shiga kwamfutar da sunansa da kalmar sirrinsa, to an huta. A cikin faifan C akwai jaka mai suna Users, a cikinta kuma kowane mutum yana da tasa jakar da sunansa. A ɗora kibiya a kan jakar mutum, a danna maɓallin dama na linzami, a zaɓi Properties. Za a ga lamba tana hawa a gaban kalmar Size. A jira ta tsaya, don in kaya na da yawa takan ɗauki 'yan mintoci. A rubuta, a wuce ta gaba. In an gama da mutum huɗun, a jera lambobin daga babba zuwa ƙarami. Gani ya kori ji.

Amma a kula da abu uku. Na farko, wanda zai yi wannan awo sai ya kasance yana da izinin mai kula da kwamfutar, wanda ake kira admin. In ba haka ba, ko dai ta hana shi, ko ta ba shi lamba ƙarama don ta tsallake abin da ba shi da ikon gani. Na biyu, a cikin jakar kowa akwai wata ɓoyayya mai suna AppData, inda manhajoji ke tara tarkacensu ba tare da mai jakar ya sani ba. Saboda haka in ka ga jakar mutum ta kumbura, kada ka yanke hukunci sai an ga wane ɓangare ne ya kumbura. Na uku, kwandon shara, watau Recycle Bin. Abin da aka goge ba ya barin faifai nan take, kwandon yake komawa, yana nan yana cin wurinsa har sai an zubar. Kowane mai shiga da sunansa yana da nasa kwandon, kuma awon jakarsa ba ya haɗawa da shi. Sau da yawa mutum zai rantse ya goge komai, kuma gaskiyarsa, amma kayan na nan a bayan ɗaki.

MATAKI NA UKU: BUHUN WA, A KUSURWAR WA?

Ga wurin da ya fi muhimmanci, Malam, don a nan ake zaluntar mutane. Ka san a sito ana iya samun buhun wane a jingine a kusurwar wane. Mai kula da sito nagari ba ya duba kusurwa, sunan da aka rubuta a jikin buhu yake dubawa. Haka kwamfuta. Kowane fayil yana ɗauke da alamar mai shi, watau sunan da aka shiga da shi lokacin da aka ƙirƙire shi ko aka kwafo shi. Mutum zai iya zuba kayansa a wata jaka ta kowa da kowa, ko a wani lungu na faifai, jakarsa ta zauna fayau kamar ba ya ajiye komai. Awon mataki na biyu ba zai kama wannan ba.

Abin da zai kama shi wani tsari ne da ake kira kwota, watau kason kowa, wanda yake cikin Windows tun fitowar Windows 2000. A danna maɓallin dama a kan faifan C, a zaɓi Properties, a shiga Quota, a sa alama a kan Enable quota management. Akwai wani layi a ƙarƙashinsa da ya fara da kalmar Deny, mai hana mutum ajiya in ya wuce kasonsa. A bar shi tukuna, yanzu awo muke yi, ba hukunci ba. A ba kwamfutar lokaci ta zaga faifan, sa'an nan a danna Quota Entries. Za ta kawo sunan kowa da jimlar abin da ya ci a faifan gaba ɗaya, ko a ina ya ajiye. Za a ga wasu sunaye da ba na mutane ba, kamar SYSTEM da Administrators. Akasarin abin da ke ƙarƙashinsu kayan gida ne da muka faɗa a baya, sai dai wani lokaci kayan wanda ke riƙe da izinin admin kan faɗa can, don haka a yi la'akari.

To, in kuma dukanku da suna ɗaya kuke shiga fa? Wannan shi ne halin da ofisoshi da yawa ke ciki. A nan kam sai mu gaya maka gaskiya, kwamfuta ba ta san fuska ba, suna ta sani. Duk buhunan tambari ɗaya ne a jikinsu. Abin da ya rage shi ne a nemi manyan kaya. A buɗe faifan C, a akwatin bincike da ke sama a rubuta size:>500MB, za ta jero duk fayil da ya wuce mega 500. A dubi sunan kowane da ranar da aka ajiye shi, galibi mai shi zai gane kayansa. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta mai suna WinDirStat, wadda ke zana faifan kamar taswirar gonaki, kowane fayil da filinsa, babba da babban fili. Ko wanda bai yi boko ba, da ya kalla zai nuna da yatsa ya ce ga wanda ya cinye gonar.

GA MASU LINUX

Wasu makarantu da shagunan intanet suna aiki da wani tsari da ake kira Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. In irinsa ke gare ku, miƙa wa yaron da ke kula da na'urar wannan sakin layi. Umurnin df -h yana nuna rumbun gaba ɗaya. Umurnin sudo du -sh /home/* yana auna jakar kowa, in aka bi shi da sort -h sai ya jera su daga ƙarami zuwa babba. Don neman manyan kayan mutum ɗaya ko ina suke, sai a yi amfani da find tare da -user da sunansa da kuma -size +100M. Inda aka kunna kwota kuwa, repquota -a zai kawo lissafin kowa a shafi ɗaya.

Kada ku ɗauka wannan matsala sabuwa ce. Umurnin nan du yana cikin littafin farko na tsarin Unix da ya fito a 1971, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a cibiyar bincike ta Bell a Amurka a 1969. A lokacin mutane da yawa ne ke tarayya a kan inji ɗaya, wuri kuwa ya yi tsada ƙwarai. Faifan farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956, fayafayai 50 ne a jere, kowane faɗinsa inci 24, nauyin na'urar kimanin tan guda, amma haruffa miliyan 5 kawai yake ɗauka. Yau hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu sun isa su cika shi. Rumbu ya ƙaru ninkin-ba-ninki, amma rigimar wa ya cika shi tana nan yadda take.

BAYAN AN GANO, SAI ME?

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, to yanzu an san shi. Amma mu ja kunne. Awon girman jaka daban, buɗe ta a karanta abin da ke ciki daban. Wanda aka ba izinin admin amana aka ba shi, kamar mai riƙe da makullin sito. Lamba ake bukata, ba sirrin mutane ba. Shawararmu ita ce a yi awon a gaban kowa, mutum huɗun da shugaba suna zaune, don kada gobe a ce an yi son kai.

Wanda aka samu ya fi cin wuri, a bar shi ya zaɓi abin da zai cire da hannunsa. Mai yiwuwa ma kayan aiki ne, kamar hotunan gonaki ko bidiyon taron ƙungiya, ka ga ba laifi ya yi ba. Sai a kwashe su zuwa filashi ko faifan waje, a tabbata sun buɗe a can, sa'an nan a goge na ciki, a zubar da kwandon shara. Kada kowa ya taɓa jakar da aka rubuta Windows ko Program Files, don goge abu a can kamar zare ginshiƙin ɗaki ne. Tarkacen gida akwai mai share shi a cikin Windows ɗin kanta, ana kiransa Disk Cleanup.

Daga nan sai rigakafi. A buɗe wa kowa sunansa na shiga. A zauna a yanka wa kowa kaso gwargwadon aikinsa, sa'an nan a koma Quota a sa iyakar. A riƙa barin kamar kashi ɗaya cikin goma na faifan babu komai, don ita ma na'urar tana bukatar wurin juyawa. Kai kuma Malam sakatare, yau ɗin nan ba gobe ba, kwafi lissafin bashin nan a filashi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gida, ka kuma buga shi a takarda. Faifai yakan mutu ba sallama.

TAMBAYA TA BIYU

Wata Hajiya mai sayar da atamfofi daga Maraɗi ta aiko da saƙo ta ce wayarta kullum sai ta ce wuri ya cika, har hotunan sababbin kaya da dillalinta ke turo mata daga Kano ba sa sauka, ciniki yana wuce ta. Ta goge lambobin mutane da saƙonnin tes da yawa, amma ba ta ga canji ba.

AMSA

Hajiya, sannu da ƙoƙari, amma allurai kika yi ta zubarwa, buhunan suna nan. Lambobin mutane ɗari ba su kai hoto ɗaya cin wuri ba. Ke kaɗai ke riƙe da wayar, gaskiya ne, amma duk wanda ke turo miki kaya ta WhatsApp ya zama abokin tarayyarki a rumbu, yana zubawa ba tare da ya nemi izini ba.

WhatsApp tana da nata ma'aunin. Buɗe ta, ki shiga Settings, sa'an nan Storage and data, sa'an nan Manage storage. In karatun Turanci zai ba ki wahala, sa 'yarki ko jikarki ta zauna kusa da ke. A sama za ki ga abin da WhatsApp ta ci da abin da ya saura. Za ki ga rukunin fayilolin da suka wuce mega 5, da na waɗanda aka yi ta turawa hannu-hannu. A ƙasa kuma ga sunayen mutane da zauruka a jere, wanda ya fi cin wuri shi ne a sama, da lambarsa a gefe. Nan za ki ga ko zauren biki ne, ko na 'yan uwa, ko na 'yan kasuwa. Ki shiga na saman, ki zaɓi bidiyon da kin riga kin kalla ki goge. Amma ki bi a hankali da hotunan rasit da saƙon murya na wanda kike bi bashi, waɗannan shaida ce, kuma ba su da wani nauyi.

Sa'an nan ki toshe ɓarakar. A wannan shafi na Storage and data akwai wurin da ake hana bidiyo sauka da kansa. Ki cire alamar da ke kan bidiyo, ta yadda ba abin da zai shigo sai kin taɓa shi da hannunki. Kin tsare wuri, kin kuma tsare kuɗin data. In kuma za ki sayi katin memori don ƙari, ki saya wurin wanda kika sani, don akwai na jabu masu nuna giga da yawa a rubuce, amma in kaya suka wuce ɗan abin da suke iya ɗauka na gaskiya, sai su lalace.

Da fatan Malam sakatare da Hajiya sun gamsu. Malam, in kun yi awon, a rubuto mana yadda ta kaya. Sauran waɗanda ba su ga amsarsu ba su yi haƙuri, wasiƙunku suna hannu. Mai tambaya a kan maganin ƙwarin wake a ajiya, taka ce ta farko a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.